BABI NA HUƊU: TASIRIN MANUFOFIN JANAR IBRAHIM BABANGIDA A KAN KASAFIN KUƊI DA HULƊAR NIJERIYA DA ƘASASHEN WAJE A YAU

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo tarihin yadda Janar Ibrahim Badamasi Babangida ya hau karagar mulki ranar 27 ga watan Agusta, 1985, bayan an kifar da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, har zuwa saukarsa a ƙarshen watan Agusta na 1993. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin duba abin da waɗannan shekaru takwas suka bari a baya, musamman ta fuskar yadda gwamnatin tarayya take kashe kuɗi, da kuma yadda take hulɗa da sauran ƙasashe.

Galibi idan aka ambaci zamanin Babangida, abin da yake fara zuwa bakin mutane shi ne shirin ta da komaɗar tattalin arziki, wanda aka fi sani da SAP, da faɗuwar darajar naira. Amma gwamnatin da ta yi ta kiran a tsuke bakin aljihu, a kuma janye hannun hukuma daga kasuwa, ita ce dai ta ƙirƙiro jihohi 11 da ƙananan hukumomi kusan 300, ta kafa hukumomi barkatai, sannan ta tura dakaru Laberiya da kuɗin Nijeriya. Wato tufka da warwara aka yi a lokaci guda. Ra'ayin wannan bincike shi ne gwamnatocin da suka biyo baya sun gaji tufkar, sun kuma gaji warwarar, kuma har yanzu babu wadda ta iya zaɓar ɗaya ta saki ɗaya.

4.1 Naira da Man Fetur da Bashi

Ya kamata a fara da yi wa gwamnatin adalci. Ba ita ta haifar da matsin tattalin arziki ba, tarar da shi ta yi. Tun a 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu saboda faɗuwar kuɗin mai, ta kuma nemi rance daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Asusun ya gindaya sharuɗɗa, manya daga cikinsu guda uku ne: a karya darajar naira, a janye rangwamen man fetur, a kuma sassauta shigo da kaya. Gwamnatin Buhari ta ƙi amincewa da su. Da Babangida ya hau sai ya jefa maganar ga jama'a, aka shafe watanni ana muhawara a jaridu da gidajen rediyo da jami'o'i. Mafi rinjayen murya ta ce ba a son bashin, kuma a watan Disamba na 1985 gwamnati ta ba da sanarwar ta dakatar da neman sa.

Murna ba ta daɗe ba. A 1986 farashin gangar ɗanyen mai ya rikito daga kusan dala 27 zuwa ƙasa da dala 10 a tsakiyar shekara. A watan Yuli aka ƙaddamar da SAP da goyon bayan Bankin Duniya, aka ce shiri ne na gida, kuma na shekara biyu ne kacal. Da aka duba cikinsa sai ga sharuɗɗan nan uku a zaune. An ƙi cin biri ke nan an ci dila.

Babban ginshiƙin shirin shi ne gwanjon kuɗin ƙasashen waje da aka fara a watan Satumba na 1986. A 1985 naira ɗaya ta ɗara dala ɗaya kaɗan a farashin gwamnati. A gwanjon farko sai da aka ba da fiye da naira 4 kafin a sami dala ɗaya, kuma lokacin da Babangida ya sauka ana maganar kimanin naira 22. A wannan shekara ta 1986 aka soke lasin shigo da kaya, wanda ya daɗe yana azurta masu uwa a gindin murhu, aka kuma rushe hukumomin cinikin amfanin gona guda shida, har da ta gyaɗa da ta auduga da ta hatsi. A nan akwai wani kuskure da ake yawan ji, wato cewa SAP ce ta rushe dalar gyaɗa ta Kano. Dalar ta riga ta ɓace tun shekarun 1970 sakamakon fari da cutar da ta auka wa gyaɗa da kuma karkatar gwamnati ga kuɗin mai. Abin da SAP ta yi wa Arewa ya fi bayyana a masana'antu irin su masaƙun Kaduna da Kano, waɗanda suke dogara da injuna da kayan gyara na waje, suka wayi gari kuɗin sayen su ya ninka.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan babi shi ne alaƙar da aka ƙulla tun daga lokacin tsakanin darajar naira da farashin fetur. Ana lissafa rangwame ne ta hanyar kwatanta farashin gida da na kasuwar duniya, wanda da dala ake yanke shi. Saboda haka duk ranar da naira ta faɗi, giɓin da ke tsakanin farashin biyu sai ya sake buɗewa, ko da kuwa jiya aka ƙara kuɗin mai. Gwamnatin Babangida ta ɗaga lita daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi a 1986, ta ce ta janye mafi yawan rangwamen. Ba a yi shekara ba gwanjon naira ya maido shi. Aka sake ƙari zuwa kwabo 42 a watan Afrilu na 1988, ƙarin da bai kai kwabo 3 ba amma ya jawo tarzomar da ta faro daga Jami'ar Jos. Aka koma kwabo 60, sannan kwabo 70 a 1991. A tsakanin nan aka yi babbar zanga-zangar ƙin SAP ta watan Mayu na 1989, wadda ɗaliban Jami'ar Benin suka fara, ta bazu zuwa Legas da wasu garuruwa, aka yi asarar rayuka.

Duk wanda ya bi tarihin shekarun baya-bayan nan zai ga wannan zagaye bai tsaya ba. A watan Janairu na 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, jama'a suka fito, aka dawo 97. Bambancin kawai shi ne a zamanin Babangida matatun mai suna aiki, rangwamen kuɗi ne da gwamnati ta yafe, amma bayan matatun sun durƙushe sai ya zama tsabar kuɗin da ake biya don shigo da tataccen mai, har ya haura naira tiriliyan 4 a shekarar 2022 kaɗai. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar ƙarshen rangwamen a jawabinsa na kama aiki, kuma bayan mako biyu Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ga kasuwa. Daga kimanin naira 460 a kan dala, farashin ya haura 1,500 a farkon 2024, lita kuma ta wuce naira 1,000 kafin ƙarshen wannan shekara. Waɗannan matakai biyu su ne dai na 1986, kuma hujjojin da aka kawo don kare su kusan ba su sauya ba. Martanin jama'a ma bai sauya ba, kamar yadda aka gani a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta na 2024, wadda ta fi zafi a Kano da Kaduna da wasu biranen Arewa.

Dangane da bashi kuwa, wanda ake bin Nijeriya a waje bai kai dala biliyan 19 ba a 1985, amma ya haura biliyan 30 a 1990. Ba sabon rance ne ya kawo mafi yawan ƙarin ba. Gwamnati ta je wurin ƙasashe masu bin ta bashi, waɗanda ake kira Kulob ɗin Paris, har sau uku, a 1986 da 1989 da 1991, aka ɗage mata lokacin biya. Kowace ɗagewa kuwa takan tattara kuɗin ruwa da tarar jinkiri ta mayar da su uwar kuɗi. Wannan tarin ne gwamnatin Olusegun Obasanjo ta warware a 2005, inda aka yafe dala biliyan 18, Nijeriya ta biya kimanin biliyan 12. Ke nan bashin zamanin Babangida ba shi ake biya a yau ba, kuma ba daidai ba ne a ɗora masa wanda aka ciwo bayan 2006, wanda ya haura dala biliyan 40 tun 2022. Abin da ya rage daga zamaninsa tsari ne: a ware kuɗin masu bin bashi tukuna, a nemi shaidar Asusun Lamuni da Bankin Duniya domin masu ba da rance su saki jiki, sannan a raba saura. A kasafin 2025 na naira tiriliyan 54.99, an ware fiye da tiriliyan 14 don biyan bashi, adadin da ya zarce na ilmi da na lafiya a haɗe.

Sayar da kamfanonin gwamnati ma daga nan ya samo asali. Dokar soja mai lamba 25 ta 1988 ce ta kafa kwamitin da Dakta Hamza Zayyad ya shugabanta, wanda daga baya ya rikiɗe ya zama hukumar BPE. Ita ce ta miƙa kamfanonin rarraba wutar lantarki ga 'yan kasuwa a 2013. Haka nan harajin kayan masarufi na VAT, dokarsa ta 1993 ce, an fara da kashi 5 cikin ɗari, aka mayar da shi 7.5 a 2020, kuma yanzu yana cikin manyan hanyoyin da jihohi suke samun kuɗi.

4.2 Yawaitar Bakunan da Ake Ciyarwa

Wannan shi ne ɓangaren warwara, kuma shi ne aka fi mantawa. Babangida ya tarar da jihohi 19. A watan Satumba na 1987 ya ƙirƙiro Katsina da Akwa Ibom. Ranar 27 ga Agusta, 1991, ya ƙara guda tara, daga ciki akwai Jigawa da Kebbi da Yobe da Taraba da Kogi, suka zama 30. Ƙananan hukumomi suka tashi daga 301 zuwa 453 a 1989, sannan 589 a 1991. Janar Sani Abacha ne ya cika su zuwa jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 a 1996, tsarin mulkin 1999 kuma ya kulle adadin ta yadda rage shi ya zama abu mai wuyar gaske.

Babu mai musun cewa jama'a ne suka nemi waɗannan jihohi, kuma mutumin Dutse ko Birnin Kebbi ko Damaturu yana da abin nunawa: jami'a, asibiti, titunan cikin gari, da aikin gwamnati kusa da gida. Amma kowace jiha tana zuwa da gidan gwamnati da sakatariya da majalisa da kwamishinoni da jerin motoci, kuma kaɗan ne daga cikinsu suke iya biyan albashi da harajin da suke tarawa. Sauran sai sun jira rabon wata-wata daga Abuja.

Shi kansa ma'aunin rabon gadon wannan zamani ne. A 1989 aka kafa hukumar dindindin mai kula da rabon arzikin ƙasa. Kason ƙananan hukumomi ya tashi daga kashi 10 cikin ɗari zuwa 15 a 1990, sannan 20 a 1992. Ma'aunin ƙarshe na 1992 ya ba gwamnatin tarayya kashi 48.5, jihohi 24, ƙananan hukumomi 20, asusu na musamman 7.5. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2002, gwamnatin Obasanjo ta yi masa kwaskwarima, ya koma 52.68 da 26.72 da 20.60. Ba sabon ma'auni aka yi ba, kason asusun musamman aka rarraba. Wato dai gwamnatocin farar hula tun daga 1999 sun yi ta raba kuɗin ƙasa a kan awon da soja suka yanka. Hasali ma tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ba tare da sun bi ta hannun gwamnoni ba, wanda Kotun Ƙoli ta ba da umurni a kai ranar 11 ga Yuli, 2024, abu ne da gwamnatin Babangida ta riga ta gwada.

Akwai kuma hukumomi. Saboda a sanyaya zafin SAP, da kuma wasu dalilai na siyasa, an kafa DFRRI ta raya karkara, da NDE ta samar da aikin yi, da MAMSER ta wayar da kai, da Bankin Al'umma, da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a 1988, da NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 1989, da hukumar ilmin makiyaya, da OMPADEC ta yankin da ake haƙo mai a 1992. An kuma raba hukumar tsaro ta NSO gida uku a 1986. Wasu sun mutu, wasu sun sauya suna kawai: MAMSER ta narke cikin hukumar wayar da kai ta NOA, OMPADEC ta ba NDDC wuri. Wasunsu, irin su FRSC da NDLEA, sun tabbatar da amfaninsu. Amma ɗabi'ar da aka koya ita ce duk lokacin da aka ƙara kuɗin mai sai a kafa wata hukuma ko wani asusu na rage raɗaɗi. Abacha ya yi PTF, Jonathan ya yi SURE-P. Kwamitin Stephen Oronsaye ya ƙirga hukumomin tarayya 541 a rahotonsa na 2012, ya ba da shawarar a haɗe wasu a soke wasu. Sai a watan Fabrairu na 2024 aka ba da umurnin aiwatar da rahoton, shekara 12 bayan miƙa shi.

4.3 Kuɗin da Ba Su Bi ta Kasafi Ba

A 1988 aka cire Babban Banki daga ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi aka mayar da shi ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa kai tsaye. A wannan lokaci ne aka buɗe wasu asusu na musamman waɗanda ake zuba kuɗin wani kaso na ɗanyen mai, ana kashewa ba tare da sun shiga asusun tarayya ko kasafin shekara ba. Kwamitin Dakta Pius Okigbo, wanda gwamnatin Abacha ta kafa a 1994, ya ba da rahoton cewa dala biliyan 12.4 ne suka ratsa waɗannan asusu tsakanin 1988 da tsakiyar 1994, har da rarar da aka samu lokacin Yaƙin Tekun Fasha. Babangida ya sha musanta cewa an yi almubazzaranci da kuɗin, kuma babu kotun da ta same shi da laifi a kai. Wannan babi ba shari'a yake yi ba. Abin lura shi ne hanyar da aka buɗe, ta kashe kuɗin jama'a a bayan idon kasafi. Asusun rarar mai na 2004 ya sha irin wannan suka, kuma asusun bai-ɗaya na TSA da aka tilasta a 2015 an yi shi ne don toshe irin wannan ɓaraka. Duk da haka a watan Mayu na 2023 sai da Majalisar Dattawa ta amince a mayar da naira tiriliyan 22.7 da gwamnatin Buhari ta ranta daga Babban Banki su zama bashi na dogon zango, alhali dokar bankin ta taƙaita irin wannan rance ga kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata.

4.4 Hulɗa da Ƙasashen Waje

Ta wannan fuska gwamnatin ta yi abubuwa da dama waɗanda suka zauna daram. A watan Janairu na 1986 Nijeriya ta zama cikakkiyar wakiliya a Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta OIC a taron Fez na ƙasar Maroko, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce mai zafi tsakanin Musulmi da Kirista. A 1992 kuma ta maido da hulɗar jakadanci da Isra'ila wadda aka yanke tun 1973. Ta ƙofar OIC ce Nijeriya ta shiga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi a 2005. Shirin tura ƙwararru na TAC, wanda Farfesa Bolaji Akinyemi ya ƙirƙiro a 1987 domin a riƙa aika likitoci da malamai da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan maimakon a ba su tsabar kuɗi, yana nan yana karɓar kasonsa a kasafi. Yarjejeniyar Abuja ta watan Yuni na 1991, wadda aka sa wa hannu a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ita ce tushen kasuwar bai-ɗaya ta nahiyar da Shugaba Buhari ya rattaba wa hannu a Yamai a 2019. Manufar da Janar Ike Nwachukwu ya shelanta a 1988, ta mayar da ofisoshin jakadanci wuraren neman masu zuba jari da sassaucin bashi, SAP ce ta sanya rigar jakada, kuma duk shugaban da ya zo tun daga lokacin yakan yi yawon neman masu zuba jari.

Amma mafi nauyin gado shi ne ECOMOG. Ranar 24 ga Disamba, 1989, Charles Taylor ya kutsa Laberiya daga Kodebuwa da nufin kifar da Shugaba Samuel Doe. Kafin tsakiyar 1990 ƙasar ta wargaje, dubban 'yan Afirka ta Yamma, har da 'yan Nijeriya, suka maƙale a birnin Monrobiya. Amurka, wadda kowa ya zaci za ta shiga, ta kwashe mutanenta kawai. Bisa shawarar Babangida ƙungiyar ECOWAS ta kafa kwamitin sulhu a Banjul, kuma ranar 24 ga Agusta, 1990, dakaru kimanin 3,000 daga Nijeriya da Ghana da Gini da Saliyo da Gambiya suka sauka a Monrobiya. Kodebuwa da Burkina Faso ba su yarda ba, kuma Taylor ya ɗauki rundunar a matsayin abokiyar gaba, domin abotar Babangida da Doe ba ɓoyayya ba ce, har akwai sashen Jami'ar Laberiya da aka sa wa sunan Babangida. Bayan da mutanen Prince Johnson suka kama Doe a hedikwatar ECOMOG a watan Satumba suka kashe shi, sai aka karɓe jagorancin daga Janar Arnold Quainoo na Ghana aka ba Janar Joshua Dogonyaro, aikin kuma ya tashi daga tsaron zaman lafiya ya koma yaƙi.

Nijeriya ce ta ba da mafi yawan sojoji da kusan dukkan kuɗin. Abacha ya ci gaba da aikin, ya kuma faɗaɗa shi zuwa Saliyo inda aka maido da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah a 1998. A 1999 gwamnatin Obasanjo ta bayyana cewa an kashe kimanin dala biliyan 8 a ƙasashen biyu, ban da ɗaruruwan sojojin da suka kwanta dama. Duk wannan ya faro ne a shekarun da ake gaya wa ma'aikaci da ɗalibi cewa babu kuɗi. Babu majalisar da aka tambaya, domin babu ita.

Abin da aka yi cikin gaggawa a 1990 shi aka mayar doka daga baya. Sabuwar yarjejeniyar ECOWAS ta 1993 ta shigar da batun tsaro cikin aikin ƙungiyar da asalinta ta ciniki ce. Yarjejeniyar Lome ta 1999 ta ba da damar tura dakaru, ta Dakar ta 2001 kuma ta haramta karɓar mulki ba ta hanyar zaɓe ba. Abin mamaki a nan shi ne shugaban da ya soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, shi ne ya aza harsashin tsarin da ake hukunta masu juyin mulki da shi. Da wannan tsari aka tilasta wa Yahya Jammeh barin Gambiya a watan Janairu na 2017, inda Nijeriya ta tura jiragen yaƙi da na ruwa.

Iyakar wannan gado ta bayyana a Nijar. Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin jagorancin Tinubu, suka ba da wa'adin kwana bakwai tare da barazanar amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ta dogara da ita. Salon na 1990 ne, amma abubuwa uku sun sauya. Na farko, sashe na 5 na tsarin mulkin 1999 ya hana tura soja yaƙi a waje sai da yardar Majalisar Dattawa, kuma ranar 5 ga Agusta majalisar ta nemi a bi hanyar sulhu. Na biyu, sojojin Nijeriya suna fama da Boko Haram a Arewa maso Gabas da 'yan bindiga a Arewa maso Yamma, baitulmali kuma yana cikin halin da aka bayyana a sama. Na uku, kuma shi ya fi nauyi, Nijar ba Laberiya ba ce. Jihohi bakwai ne suke iyaka da ita, wato Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno, huɗu daga ciki ma Babangida ne ya ƙirƙiro su, kuma gwamnoninsu da sanatocinsu suna da murya. Mutumin Jibiya da na Maraɗi, ko na Illela da na Ƙonni, ko na Maigatari da na Damagaram, dangi ne, kasuwa ɗaya suke ci, suna auratayya. Rufe iyakar ya cuci 'yan kasuwar ɓangarorin biyu, kamar yadda rufewar 1984 ta yi, wadda Babangida da kansa ya ɗage a 1986. Saboda haka maimakon dakaru sai aka ga Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, da kuma tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau, suna zirga-zirga zuwa Yamai.

An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024 ba tare da an saki Bazoum ba. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancensu na ƙasashen Sahel, kuma ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. Ƙungiyar ta ragu daga ƙasashe 15 zuwa 12. Tun da da harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su daga wajen yankin ake gudanar da ita, Nijeriya ce ta fi kowa zubawa, kuma raguwar wakilai ƙara mata nauyi ta yi.

Wannan bai sa an ajiye matsayin babbar yaya ba. Ranar 7 ga Disamba, 2025, wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da Shugaba Patrice Talon a Jamhuriyar Benin. Gwamnatinsa ta nemi taimako, jiragen yaƙin Nijeriya suka kai farmaki a Kwatano a wannan rana, yunƙurin ya ci tura. A wannan karon shugaban da ke kan kujera ne ya yi gayya, aikin kuma na sa'o'i ne, ba na shekara bakwai irin na Laberiya ba. Bayan kwana biyu Majalisar Dattawa, wadda ta ƙi yaƙi da Nijar a 2023, ta amince da tura sojojin.